Tururuwar da Ta Ce Lafiya Lau

Kakarmu Ladi, wadda ta haifi Mama, kantun riɗi take yi. A gidan hayar da muka taso a Sabon Garin Sakkwato ɗaki biyu ne namu da 'yar rumfa, a ƙarƙashin rumfar kuma murhunta yake. Ba ta hura wuta sai rana ta yi sanyi, wai ba za ta haɗa wa kanta wuta biyu ba, ta sama da ta ƙasa. Kafin a kira magariba a masallacin bayan layinmu ta soya riɗi, ta narka sukari, ta shimfiɗa, ta yanka. Abin da ya rage garwashi ne, sai mu: ni da ƙanena Bulus, da duk yaron gidan da uwarsa ba ta riga ta kira shi ba.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa mantawa. In kantun ya huce sai ta jera shi a kwano, ta ɗora kwanon a tsakiyar babban faranti, ta zuba ruwa a farantin har ya kewaye gindin kwanon. Tururuwa ce dalili. Raminsu na gindin katanga, kuma babu abin da suke so kamar riɗi. Kowace yamma layinsu kan zo har bakin farantin, ya tsaya, ya juya.

A makarantar Lahadi, in aka zo kan tururuwa, ƙwazonta ake faɗa mana da tanadinta. Ranar da na kawo wa Kaka wannan zancen, taɓe baki ta yi.

"Ƙwazo? Jakin masu yashi ma shina da ƙwazo. Ku duƙa ku duba da kyau. In biyu sunka haɗu bisa hanya, mi suke yi?"

Muka duƙa. Duk biyun da suka haɗu sai sun tsaya sun haɗa kai, sannan kowace ta wuce.

"Gulma suke yi," in ji Bulus.

"Ji min mijin nan nawa, cefane babu, sai baki. Gaisuwa ce. Wagga ta ce, lahiya? Waccan ta ba ta amsa. Kuma abin da ta hwaɗi shi za a ɗauka, don su ba su san ƙarya ba."

A yammacin ne ta ba mu tatsuniyar da ta fi zauna mini. Tana da yadda take buɗe tatsuniya, ba irin na kowa ba. Takan ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wai akwai wata tururuwa da ta fi kowa sammako a raminsu. Ita ake kira in wata ta karye a hanya, ko in kaya ya fi ƙarfin mai shi. Ita kuwa ba a taɓa jin ta ce a kama mata ba. Wata rana tsinken tsintsiya ya faɗo, kai ɗaya a bakin faranti, ɗaya a jikin kwanon kantu. Ta bi tsinken ta haye. Ba ta koma ta sanar da kowa ba, ta ce bari ta fara kawo ƙwaya ɗaya su gani da idonsu. Tana cikin zaɓen ƙwayar, mai kwano ta zo ta ɗauke tsinken.

Ta sauko gindin kwano da riɗi a baki, ta tarar da ruwa. Ta zaga, ruwa. A nan Kaka kan ɗora yatsa a bakin farantinta, ta riƙa zagawa da shi a hankali tana cewa, "Ruwa. Ruwa. Ruwa." Ga abinci, ga abin sha. Hanya ce kawai babu.

Da yamma 'yan'uwanta suka zo bakin farantin, suka hango ta. Suka ce, "Lahiya?" Ta dubi kanta: ita da ake kira, yau ita ce a tsakiyar ruwa. Sai ta ɗaga ƙwayar riɗin sama yadda za su gani, ta ce, "Lahiya lau." Layin ya juya.

Na ji haushinsu sosai. Na ce, "Kaka, ba su da ido ne?"

"Suna da. Amma ta ce lahiya. Ke in kin ce ma mutum lahiya, kin bar mai wata ƙofa da za shi shigo?"

Kwana uku ana haka. Rana ta narkar da sukari, ƙafafunta suka fara mannewa. A rana ta huɗu, da 'yar muryar da ta rage mata, ta ce, "Ba lahiya." Layin bai juya ba. Suka je suka jawo tsinke, su da yawa a kansa. Sai dai tsinke ba ya tsallaka ruwa da kansa, dole wata ta riƙe bakinsa ta shiga. Wata ta riƙe, ta shiga, ta kai shi jikin kwano, ruwa ya ci ta. A kan tsinken suka bi suka ɗauko 'yar'uwarsu, domin ba ta iya takawa.

"To wadda ta nutse fa?" in ji Bulus.

"Kun san wanda ya fara shiga ruwan nan dominmu. Ba sai na hwaɗi ba, kuna zuwa coci." Ta tura garwashin da ya gangaro da ɗan itace. "Baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma." Sannan ta raba mana gutsuren kantun da ya kakkarye wajen yanka.

Bulus ya ɗauka labarin kwaɗayi ne. Ni ma haka na ɗauka, shekara da shekaru.

Kaka ta rasu ina makarantar gaba da sakandare. Na kama aikin karanta labarai a gidan rediyo, inda aka koya mini yadda murya take fita daidai ko me ke rubuce a takardar. Baba ya rasu, Bulus ya samu aiki a kudu. Mama ta ci gaba da abin da ta saba: ita ce shugabar matan zumunta a cocinmu. In wata ta haihu ita ce, in wata ta kwanta ciwo ita ce mai wanka da wanki, da zaninta a ɗaure sama da gwiwa.

Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta tafi. Na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Arkilla, na ɗauki hutu, hutun ya ƙare na nemi wani. Likita ya ce a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar bayanta za ta buɗe.

Ranar Alhamis matan zumunta kan zo, Keke Napep biyu cike, da zani iri ɗaya. A falo nake tarbarsu. In kawo lemo, in ce tana barci. Su ce, "Ya mai jiki?" In ce, "Da sauƙi, mun gode Allah," da muryar nan da aka koya mini. Ba na son su ga shugabarsu da ƙunzugu, yawu na gangaro mata. Na gaya wa kaina mutuncinta nake karewa. Sukan yi waƙa ɗaya, su yi addu'a suna fuskantar ƙofar ɗakin a rufe, su tafi. Keke biyu ya koma ɗaya. Daga baya sai Mama Rifkatu kaɗai, ƙawar Mama tun suna 'yanmata, mai ciwon gwiwa.

"Hannatu," takan ce a bakin ƙofa, "in akwai abin kamawa ki faɗa."

"Babu komai, Mama."

Mama babbar mace ce. A wata na shida bayana ya riƙe. Awa biyu ta koma uku, ta koma huɗu. Na ga wani wuri ya yi ja a ƙasan bayanta, na shafa mai, na rufe. Bayan mako guda wurin ya buɗe. Duniyata ta zama ɗaki, banɗaki, kicin, da bakin get inda nake karɓar saƙo. Na san ƙarar kowace mota a layinmu, da lokacin da kowace ke fita da safe. Tawa tana nan a ajiye, tayoyinta suna sacewa. In Bulus ya buga waya nakan ce da sauƙi, ya ce madalla.

Da bazara ta kama, kiyashi suka gano kunun da ke ɗiga a zanin gado. Wata safiya na same su a jere a hannunta na dama, har wuya. Tana jin su, ba ta iya kaɗe su. Na share ta, na canza zani, na nemo gwangwanayen tumatir manya guda huɗu. Gadon ya fi ƙarfina da ita a kai, kuma kiran maƙwabci yana nufin ya shigo ɗakin. Sai na ɗauko jak ɗin mota. Na ɗaga ƙafafun gadon ɗaya bayan ɗaya, na zura kowace a gwangwani, na zuba ruwa. Na tabbatar babu zanin da ya taɓa ƙasa ko bango.

Da na gama na zauna a ƙasa, bayana yana zugi. Ba a jima ba layin kiyashin ya fito daga gindin bango. Ya zo bakin gwangwani, ya hau, ya tsaya, ya juya. Na ji daɗin aikina na ɗan lokaci. Da na ɗaga kai, na ga Mama tana kallona. Hannunta na hagu, mai lafiyar, yana kan zanin gado, yatsanta yana zagawa a hankali. Ya zaga, ya sake zagawa. Ita fa ɗiyar Kaka ce. Ta ji tatsuniyar nan tun ba a haife ni ba.

A lokacin na lura da wani abu: wata tara ina rufe mata ƙofa, ban taɓa tambayarta ko tana so a rufe ba.

Na ce, "Mama, in kira Mama Rifkatu?"

Ta kama hannuna ta matse, har sai da na ji zafi.

Wayar ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. "Hannatu, ya mai jiki?" Bakina ya riga ni, ya fara da sauƙi. Na tsayar da shi. Na karanta labarin mutuwa da na gobara ba tare da muryata ta yi rawa ba, amma wannan ya fi su wuyar faɗa.

"Ba lafiya, Mama. Ta yi gyambo. Ba na iya juya ta."



"Ja'irar yarinya. Wata tara muna jiran ki buɗe baki. Ɗora ruwan zafi."

Su uku suka zo, ɗaya tsohuwar nas ce. Ba su kalli falo ba. Mama Rifkatu ta ɗaure zani sama da gwiwa, ta tura ƙofar ɗakin, ta tsaya a kan Mama, ta kira sunanta.

"Ke Asabe! Kin kwanta kin bar mana aiki, ko? To ga mu. Yau za ki ga ko kin koya mana wanka."

Mama ta yi dariya da rabin bakinta. Rabon da in ji wannan sautin tun kafin ciwon.

Gyambon ya ɗauki makonni kafin ya rufe. Ba zan ce komai ya warware ba. Mama tana kan gadon har yau, gwangwanayen suna nan, duk safiya nake ƙara musu ruwa. Na koma aiki rabin yini, sauran rabin ina ɗakin. Amma yanzu in na tuna tatsuniyar Kaka, ba riɗin nake gani ba. Kwana ukun nan nake gani, da layin da ke zuwa kullum yana juyawa, ba don rashin ƙauna ba, sai don an ce masa lafiya. Nakan kuma tuna wadda ta riƙe bakin tsinke. Mama Rifkatu ta haura saba'in. Sau biyu a mako take hawo keke daga Sabon Gari da gwiwar nan tata, in ta sauka sai ta dafa get ta huta kafin ta iya shigowa. Ban taɓa jin ta ambaci gwiwar ba.

In ta shigo, ba ta wucewa ɗaki kai tsaye. Takan tsaya a gabana, ta kawo goshinta kusa da nawa, ta ce, "Lafiya?" Sannan ta jira. Ni kuma sai na yi tunani kafin in ba ta amsa.