Janti biyu a bayan rumbu

Akwai wata babbar tukunya a madafata da ba na son a tambaye ni inda na samo ta. Tana ɗaukar tiya biyar ta shinkafa. Duk unguwarmu a Gazawa, in ana suna ko biki, ita ake zuwa ara. Mata suna yabon ta, wai ba ta kama abinci kuma ba ta da nauyin ɗauka. In suka fara yabon, ni dai sai in duƙa in shiga gyaran wuta.

Ɗana na fari ne ya sayi mota. A gidanmu, kamar yadda na tarar da uwata tana yi, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da kayansa. Shekara talatin da 'yan kai, maganata da shi ba ta wuce “ka ci abinci?” da “Allah ya kiyaye hanya” ba. In da wata doguwar magana, matarsa nake faɗa wa ta kai masa.

Ya daɗe yana tuƙa motar wasu tsakanin Gazawa da Maraɗi, daga baya ya shiga fataucin wake, Allah ya buɗa masa. Motar da ya sayo okaziyo ce, wato ta hannu, daga Kwatano, ƙarama, ja, gajera kamar an datse mata baya, ƙofar bayanta kuma sama take buɗewa. In ya tayar da ita kaji watsewa suke yi. Ranar da ya kawo ta na leƙa ta ramin zana, na gan ta da kyau, sannan na koma na zauna kamar ban san an kawo komai ba.

Yana da aboki, makaniki, garajinsa na kusa da tasha. Damina ɗaya aka haife su. Uwarsa ƙawata ce, tabarma ɗaya muka zauna a makarantar yaƙi da jahilci, ita ke riƙe mini hannu in zana baƙi. Wannan yaron kuwa ba kunya tsakanina da shi. Yakan faɗo gida ba sallama mai tsawo, ya buɗe kwano ya ce, “Inna, yau ma miyar kuka? Ke kam bishiyar nan sai ta kai ki ƙara.” Duk abin da na kasa yi da ɗana, da shi nake yi.

Wata ranar bayan la'asar, an gama girbi, ɗana da abokin nasa suka shigo da janti iri biyu. Janti shi ne ƙarfen nan mai zagaye da ake sa wa taya. Na motar baƙin ƙarfe ne, ɗana kuwa yana son ya canja su da na alminiyo. Ɗaya mai yatsu biyar masu kauri, ɗaya mai siraran yatsu da yawa kamar ƙafar keke. Suka ɗauko sikelin awon wake suka rataya a reshen bedi. Ina gefe ina ɓarar gyaɗa, idona a ƙwarya, kunnena a wurinsu.

“Ɗaga wannan ka ji,” in ji ɗana, yana miƙa masa mai siraran yatsun. “Da hannu ɗaya. Kamar faifai.”

“Na ji. To sai me?”

“Sai me? Ƙafa in ta yi sauƙi mota tashi take da wuri, birki ya kama da wuri, ta rage shan isansi. Kai ne makanikin, ni zan koya maka?”

“A kan gudiro ke nan, inda kwalta take sumul, malam direba. Bi da ita hanyar Gidan Sori ka faɗa rami ɗaya. Na ƙarfe in ya lanƙwashe, guduma zan sa in miƙe maka shi ka kama hanya. Wannan tsagewa yake kamar tulu. Ɗauki mai yatsu biyar ɗin, ko ba komai yana da nama a jikinsa.”

“Wannan ai na tsofaffi ne.”

“To ɗauki kwandonka. In ka gaji da shi ka ba ni, in kai wa matata ta riƙa tace taliya.”

Suka yi ta dariya. Ni kuma na tashi ɗora tukunya, ban ji ƙarshen maganar ba. Abin da ya zauna mini a kai guda biyu ne: abin ba shi da nauyi, kuma makaniki ya ce tsagewa yake. A duk rayuwata ban taɓa ganin abin kirki marar nauyi ba. Damen gero mai kyau nauyi gare shi. Zane mai kyau nauyi gare shi. Gyaɗa in ta yi sakayau a hannu, kwanso ce. Sai na yanke a raina cewa an cuci yaron, shi ma ya gane.

Kwana biyu bayan haka na zagaya bayan rumbu neman itace, sai na ga masu siraran yatsun har guda huɗu, an jingina su, an yafa musu tsohon buhu. Sun yi ƙura, sun dushe, duk jikinsu ƙwarzane. A gidanmu bayan rumbu wurin abin da aka fid da rai da shi ne: fasasshen turmi, tsohuwar tayar amalanke, buta mai yoyo. Ban san ɓoye su ya yi a inda ɓarawo ba zai duba ba, kafin ya samo kusoshin da suka dace da su. Kuma tunda na ce zan rubuta gaskiya, da na gan su a can daɗi na ji. Ina tsoron gudun motar nan. Duk abin da zai ƙara mata gudu ba na ƙaunarsa.

A lokacin ɗiyata ta haihu, suna saura kwana biyar, ga babbar tukunyarmu ta huje. Ranar kasuwa akwai wani maƙerin tukwane da ke zuwa daga wajen Cadawa. Mutum ya kai masa tsofaffin kwanoni da duk wani tarkacen alminiyo, ya narka, ya zuba a cikin rairayi, tukunya ta fito.

Da na tambaya, da ban rubuta wannan ba. Matar ɗana ta je ganin gida. Da safen ranar kasuwar yana zaune yana shan kunu zai tafi Maraɗi, na zo na tsaya kusa da shi da tsintsiya a hannu. Kalma biyar ce kawai: ƙarfen bayan rumbu, kana so? Na share wurin da ba datti, na sake sharewa. Ya ajiye ludayi ya ce, “Inna, na tafi.” Na ce, “Allah ya kiyaye hanya.”

Na sa biyu a buhu, mai amalanke ya kai mini kasuwa. Maƙerin ya fito da ɗaya, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kankare da wuƙa, wurin ya yi fari tas.

“Hajiya, wannan naki ne?”

“Na gidana ne.”

“Mai shi ya sani?”

“An yar da su.”

Ya dube ni. “Hajiya, in suka shiga wuta fa ba sa dawowa.”

“Ka narka,” na ce. Har na ɗan ji haushin yawan tambayarsa.

Ina tsaye ya farfasa su, na kuma ce a raina lallai makaniki ya yi gaskiya, ga shi suna tsagewa. Kafin azahar na dawo gida da babbar tukunya da ƙarama da ludayi biyu, ina jin na yi dabara.

Kashegari ɗana ya dawo da kusoshi a leda. Ya wuce bayan rumbu yana fito da baki. Fiton ya tsaya. Na ji ana jan turmi, ana ture itace. Ya fito tsakar gida, ba da ni yake ba, da iska yake magana.

“Huɗu na ajiye. Huɗu! Wata nawa ina nema kafin in samu irinsu.”

Sai a lokacin na gane. Ina madafa, hannuna cikin ƙullu.

“Mutum ɗaya ya san wurin nan,” ya ce a hankali. “Shi ya riƙe mini buhun.”

Ya juya ya fita. Ina ganin bayansa har ya ɓace a zaure, bakina bai buɗe ba.

Abin da ya faru a garaji, a bakin mata na ji. Wai a gaban direbobi da masu kabu-kabu ɗana ya ce wa abokin, “Ashe shi ya sa kake ta kushe su.” Wai abokin dariya ya fara yi, ya zaci wasa ne, sai da ya ga fuskarsa. Makaniki kuwa da amana yake cin abinci. Mutum zai bar masa mota ta kwana da duk abin da ke cikinta. Kafin kwana uku wasu sun fara kai motocinsu wani wuri.

Aka yi suna. A tukunyar aka dafa shinkafa, ɗana ya ci har ya nemi ƙari. Kowa ya zo ban da abokin. Na zuba masa nasa a kwanon da ya saba, na rufe, har yamma ba wanda ya buɗe.

Kwana tara na yi da abin a ciki. Kowace safiya in ce yau zan faɗa. Nakan ce wa kaina kunyar ɗan fari ce ta hana ni. Da farko ita ce. Daga baya ba ita ba ce, tsoro ne kada a ce tsohuwa ta dafa ƙafar mota, unguwa ta samu abin dariya. Na ɓuya a bayan al'adar uwata, yaron mutane yana ɗauke da sunan ɓarawo.

Ran na tara uwar abokin ta zo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a bakin madafa, ta ce, “Ƙawa, ke kin san shi. A bayanki ya yi barci lokacin da nake jinya. Ki faɗa wa ɗanki ba halinsa ba ne.” Tana magana tana shafa gefen tukunyar, don a nan hannunta ya faɗa. Ta ce, “Sabuwa kika yi? Kai, ta yi kyau.”

Da ta tafi na wanke tukunyar, na goge. Ɗana ya shigo cin abincin rana. Na ɗauko ta na dire a gabansa, ba komai a ciki. Na zauna a kan tabarmarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye shi. Ya ja baya kaɗan.

“Inna, lafiya?”

“Ga jantinka.”

Ya dubi tukunyar, ya dube ni.

“Ni na ɗauka. Na zaci ka yar. Na kai wa maƙeri ranar kasuwa. Ranar da ka duba ina nan zaune, na ji abin da ka ce, na yi shiru.”

 Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa ta, ta yi ƙara. Ban ga fushi a fuskarsa ba, abin da na gani ya fi fushi ciwo. Ya ce, “Inna, ƙarfe ne, ba komai. Amma ni da wane ido zan dube shi?”

“Ba kai kaɗai za ka je ba.”

“Haba Inna, tasha fa. Cike take da maza.”

“A can ka faɗa, a can za a warware.”

Na yafa mayafi, na ɗora tukunyar a ka. Ya buɗe mini ƙofar mota na ƙi shiga, muka tafi a ƙasa, shi a gaba ni a baya. Mun tarar da abokin a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na sauke tukunyar. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da wani direba ya ce a yi shiru Inna na magana. Na faɗi duka, har da kwana taran.

Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Dariyar da na guda ta same ni, ban kuma mutu ba. Abokin ya fito yana goge hannu. Ya ɗaga tukunyar da hannu ɗaya, ya jinjina.

“Malam direba, ka yi gaskiya,” ya ce. “Ba nauyi.”

Ɗana ya kama hannunsa da hannu biyu, ya roƙe shi ya yafe masa. Abokin ya ce ya yafe. Ni ma na durƙusa na roƙa. Ya ce, “Haba Inna, tashi, kada ki sa ni kuka a gaban yaran tasha.” Sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. “Shi na san zafin kansa. Amma ke, Inna, kwana tara?”

Na ɗauki tukunyata na ɗora a ka, muka koma gida.

Motocin sun koma garajinsa. Jar motar tana nan a kan baƙin ƙarfenta, don ba a sake samun irin waɗancan ba. Biyun da suka rage ɗana ya ce in haɗa da su in yi tukwane, na ce ko kusa. Suna rataye a ɗakinsa. Tun daga ranar nakan tambaye shi abu kai tsaye.

Abokin ya dawo cin abinci, ranar Juma'a yawanci. Yana gaishe ni da ladabi, yana ci, yana godiya. Amma yanzu a zaure yake tsayawa ya yi sallama, ya jira a ce ya shigo. Na sha yin miyar kuka da gangan ranar da na san zai zo. Yakan cinye, ya ce, “An gode, Inna,” ya rufe kwanon.