Malam Isiyaku mai fiziks ya rasu a gonar rakensa

Da safen nan ina shirin fita aiki aka kira ni a waya, wai Malam Isiyaku ya rasu. Jiya da la'asar, a gonarsa ta rake a Kudan. Ya zauna ya huta, bai ƙara tashi ba.



Shi ya koya mana fiziks a sakandare a Ikara, zamanin soja, lokacin da ake bin layin sabulu da madara. Ni 'yar manomi ce daga Saulawa, Kirista, kuma ni kaɗai ce mace a ajin kimiyya. Shi ya fara lura ba na ganin allo. Bai kunyata ni ba, da kansa ya ɗauki bencina ya kai gaba.

Wata rana ya shigo aji da ƙullin fanke a kwano, ya barbaɗa masa riɗi ya ajiye a rana. Da muka dawo daga hutun tara ƙullin ya tashi, ƙwayoyin riɗin sun yi nesa da juna. Ya ce haka tarin taurari ke nisantar juna. Sannan ya ba mu sabon bayanin da masana suka fito da shi a wancan lokacin: wai a farkon halitta, kafin ƙiftawar ido, sararin samaniya ya kumbura daga abin da bai kai ƙwayar gero ba zuwa girman da ya wuce tunani, sannan ya lafa.

Wani ɗalibi ya tambaya ko wannan ba saɓo ba ne. Malam ya ce, "Allah ne ya yi. Mu dai muna tambayar yadda ya yi."

Wannan fannin ya so ya karanta. Har ya samu gurbi a waje, sai gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, babu sikolashif. Ya haƙura. Da wani jami'i ya zo duba makaranta, Malam ya gaya masa a gaban kowa cewa ɗakin gwaje-gwajenmu ko batir babu. Ana fara rage ma'aikata, shi aka soma sallama. Babu wanda ya buɗe baki.

Bara na gamu da shi a kasuwar Makarfi yana loda rake a mota, hannuwansa duk sun faffashe. Shi ya fara gane ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Rifkatu 'yata, maganar kumburin nan, an tabbatar kuwa?" Na ce ana ta bincike. Ya ce ai da ya samu tafiya karatun nan, da da shi ake yi.

Yau ga waɗanda suka yi shiru ranar da aka kore shi suna ta rubuta babban rashi. Ko ƙofar gidansa ba su sani ba. Ku riƙe yabonku, ya makara.

Allah ya jiƙan Malam, ya ba iyalinsa haƙuri, ya bi masa hakkinsa. Duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ko Kirista, don Allah ya sa shi a addu'a.