Katin Cittar Baba

Ina da shekara ashirin na fara aiki a laburaren kwalejin horon malamai a Kafanchan, a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da ake ta buɗe firamare a ƙauyuka. Babana manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Zonkwa, kuma aikin nawa bai yi masa ba. So ya yi in zama nas ko malamar aji. Idan 'yan coci suka tambaye shi abin da nake yi, sai ya ce gadin littattafai.

Laburaren ɗaki ɗaya ne dogo mai rufin kwano. Shugabana dattijo ne mutumin Kagoro, tsohon malamin makaranta, wanda sai da ya fara furfura ya je Zariya ya yi kwas ɗin laburare. Malam nake ce masa. Shi ya koya mini yadda ake ba littafi lamba, a buga masa kati, a jera katin a akwati. Damuwarsa kullum ba ta wuce gara da ke bin bango, da manyan kwalejin da ke ganin duk wanda ya iya riƙe makulli zai iya riƙe laburare. Yakan ce bai san wanda zai bar wa wurin ba.

Ni kuwa la'asar ɗin damina na fi so. Ɗalibai sun watse, ruwa na sauka a kan kwano, ɗakin ya cika da ƙanshin tsohuwar takarda. Ina buga kati a tafireta, da na zo kan sunan garin da aka buga littafin sai hankalina ya tafi can. In ga tituna da ban taɓa takawa ba, da mutane cikin manyan riguna suna wucewa ba magana. Kukan jirgi daga tasha ne yake dawo da ni, wani lokaci in tarar na bar kalma a rabi.

Wata rana wata ɗaliba ta zo neman littafi a kan noman citta, za ta koyar da shi a gwajin koyarwa. Na duba akwatin kati, na bi kantoci ɗaya bayan ɗaya. Muna da littattafan noma da yawa, kyauta daga ƙasashen waje da suka zo ta jirgi cikin akwatunan katako, amma duk na alkama ne da kiwon tumaki a ƙasar ƙanƙara. Ta yi godiya ta fita. Kunya ta hana ni sakewa har aka tashi.

Da na gaya wa Malam, sai ya ce, "'Yata, ba ɗiyar mai citta ba ce ke?"

Asabar na tafi gida da littafin rubutu. Baba ya ɗauka wasa nake yi, amma da na tambaye shi yadda ake zaɓen iri, sai baki ya buɗe. Muka zauna a bakin gona yana bayani da yarenmu, ina rubutawa da Hausa: yadda ake gutsura irin, kowane gutsure da idonsa, lokacin shuka bayan ruwan farko, yadda ake lulluɓe kunya da ganye, yadda ake tsaga citta a shanya a kan dutse. Asabar huɗu na yi ina zuwa. Na buga bayanin a tafireta, Malam ya ɗinke da zare, ya ba shi lamba a cikin littattafan noma. Da na zo wurin sunan marubuci na tsaya. Malam ya ce in sa sunan mai ilimin.

Bayan wata guda Baba ya shigo mota ya zo, sanye da kwat ɗinsa na zuwa coci. Ya tsaya a ƙofa har sai da Malam ya kamo hannunsa. Na jawo akwatin kati, ya ga sunansa a kati, ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna ya karanta littafin da yatsa a hankali, kamar yadda yake karanta Littafi Mai Tsarki. A shafi na shida ya ɗago kai.

"Nan kin yi kuskure. Ba a jira ta tsiro kafin a rufe."

Malam ya miƙa masa biro, Baba ya gyara da hannunsa, sai Malam ya ce wannan shi ne bugu na biyu. Daga nan ya kawo maganar da ban san yana riƙe da ita ba: yana so a tura ni Zariya in yi difloma. Baba ya tambaya shekara nawa ne, aka ce biyu. Ya dubi kantocin nan har ƙarshen ɗakin, ya ce in an gama tonon citta sai in tafi.

Haka aka yi. Ranar tafiya na samu wuri kusa da taga. Jirgi ya fita daga gari a hankali, duwatsu duk sun yi fari da citta da aka shanya, mata na juya ta da hannu. Ina kallonsu barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai da muka kusa Kaduna.