Kwalbar da Ba Mu Ƙirga Ba

Kowa da yadda yake shigowa gidanmu. Wani a sungumo shi kamar buhu, wani ya shigo yana ɗura wa mai gadi ashar, wani kuma ya rantse rakiya ya yo, sai an rufe ƙofa ya gane shi aka rako. Gidan jinyar masu shaye-shaye ne, wata ƙungiyar agaji ke riƙe da shi, kyauta ake kula da mutum. Gadaje ashirin da huɗu, kuma ba za ka ga barguna biyu masu kala ɗaya ba, don duk sadakar mutane ce. Ni ce mai wankin gidan, kuma ni ce hancinsa. Kafin in tsoma riga a ruwa na san ko mai ita ya sha wani abu, na san abin da ya sha. Har Manaja kan ce da ni da na'urar gwaji, ni ya fi yarda da ita.

Mai askin nan shi da ƙafarsa ya zo, da hantsi, rigarsa ta sha guga, 'yar jakar fata a hammata, yayarsa na biye da shi tana share ido da gefen mayafi. Shekarunsa arba'in da bakwai. Hannuwansa na karkarwa, yatsu biyu na dama suna buɗewa suna rufewa su kaɗai, kamar suna yankan iska. Nan take na raɗa masa suna Almakashi, kuma sunan ya bi shi.

A ƙofa ake karɓe bel, da igiyar takalmi, da turare, da waya, da duk wani abu mai kaifi. Da aka zo kan jakar, sai ya miƙa ta da hannu biyu kamar mai miƙa jinjiri.

Ya ce da ni, "Iya, don Allah a ajiye ta inda babu danshi. Askar da ke ciki ta girme ni."

Na ce, "Ita ma tana taɓawa ne? Sai a nema mata gado."

Ya yi dariya, dariyar da ba ta kai ido ba.

Labarinsa a bakin igiyar shanya na tsince shi, guntu-guntu, yana miƙo min kaya ina shanyawa. Mahaifinsa mai aski ne, shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Kujeru biyu, madubi ɗaya da ya tsage a kusurwa. Tsohon bai bar shi ya taɓa kan mutum ba sai da ya shekara yana aske balan-balan da aka shafa wa kumfar sabulu. In ya fashe, a sake daga farko. Ranar da ya cika ashirin, uban ya hau kujera da kansa, ya ɗaura tawul a wuya, ya ce bismillah. Tun daga ranar, duk sati biyu, babu mai aske Tsoho sai ɗansa.

Giya kuma ta shigo kamar yadda take shiga ko'ina, da sallama. Da farko bayan an rufe shago, da abokai. Daga baya kafin a buɗe, wai don hannu ya tsaya. Masu zuwa aski suka koma jiran kujerar uban, ko da ta ɗan babu kowa. Matarsa ta yi haƙuri iya nata, ta kwashi 'ya'yanta biyu ta tafi, ban kuwa ga laifinta ba. Sai Tsoho ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka mayar da shi gidan 'yarsa, aka rufe shago.

A can ne abin ya faru. Ya je yi wa uban aski, ya ɗan kurɓa kafin ya fito, aska ta zame ta tsaga bayan kunne. Ɗinki huɗu. Tsoho bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Naɗe askar. Ba wanda zai ƙara taɓa kan nan sai kai. Kai ɗin ma sai ranar da ka zo ba ka wari."

Wata takwas ke nan lokacin da ya zo mana. Yayar ta kawo masu aski har uku, Tsoho ya kore su da hannun da ya rage masa. Gashi ya taru, fari fat, ya sauko har wuya. Abin da ya kawo Almakashi gidanmu ke nan. Ba matar ba, ba shagon ba, ba hantarsa da likita ya ce ta kumbura ba. Kan ubansa.

Dokar gidan kwana casa'in ce. Ba mai fita kafin su cika, kuma duk wanda ya sha, ko da ɗigo ne, ya koma rana ta ɗaya. Akwai allo a baranda, kowa da sunansa da kwanakinsa da alli. Satin farko kam ya ji jiki. Amai, gumi, tururuwa da yake gani suna hawan bango. Sau biyu a rana nake wanke masa zanen gado, ina masifa, yana ba ni haƙuri. Da safe su zauna a kujerun roba su yi da'ira, kowa ya shara ƙaryarsa har ta ƙare masa ya fara faɗin gaskiya. Shi bai cika magana ba. Nasa gwajin daban ne: ya cika kofi da ruwa maƙil a bakin famfo, ya tako har wajen shanyata. Da farko rabin kofi ke isowa. A rana ta arba'in, ko ɗigo bai zuba ba.

"Iya, kin gani?"

"Na gani. Sai a kira 'yan jarida, ƙato ya kawo ruwa."

Na faɗa ne kawai, amma sai da na juya baya na ɗan daɗe ina gyara zanen da ba ya bukatar gyara.

A lokacin kawunan mutanen gidan sun zama daji. Almakashi ya roƙi Manaja a bar shi ya riƙa yi musu aski, hannunsa ya tuna aikinsa. Aka yi zama, aka yarda: kowace Laraba da safe, a tsakar gida, Nas na tsaye a kai. Tsoronmu duk a kan ƙarfe yake, don an taɓa samun wanda ya yanke kansa da guntun reza shekarun baya, kuma ba mu manta ba. Saboda haka Nas za ta ƙirga: aska ɗaya, almakashi biyu, reza goma. Ta ƙirga a fita, ta ƙirga a dawowa, ta kulle a ofis. Ya ce yana bukatar sifirit na goge kayan aiki da shafa wa kai bayan aski, ba mai askin kirki da ke aiki babu shi. Ni da ƙafata na je na ɗauko kwalbar da ake goge tebur da kayan jinya da ita. Bayan aski, ƙarafa su tafi ofis, tawul da mataji da kwalba su biyo ni ɗakin wanki, tunda tawul wanki za a yi masa. Gida cike da mutanen da suka san giya ciki da waje, amma mu duka kayan aski muke gani, ba abin sha ba.

Larabar nan, da kun gan shi. Mutum ya miƙe, kafaɗa ta buɗe, baki ya buɗe. Yana aski yana tsokana. Akwai wani da muke kira Direba, mai ƙaton kai, ya ce masa, "Kai naka sai an biya kuɗin fili." Ya juyo gare ni da kumfa a hannu: "Iya, zo in rage miki gemun nan kafin baƙi su zo."

Na ce, "Ka ci gidanku. Gemun nan ya binne maza biyu, kai ne na uku in ka matso."

Na ji warin a rigarsa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji shi tun sati na biyu da fara askin. Na ce wa kaina ai mai aski ne, a hannunsa yake, ya goga a riga. Hancin da bai taɓa yi wa kowa uzuri ba, shi ya yi wa Almakashi, don ina son in ga ya cika casa'in ɗin nan.

A rana ta saba'in da takwas, ya gama wa Direba, ya shafa masa sifirit. Direba ya ce, "Kai, yau abin naka ba zafi. Da can in ka shafa min har taurari nake gani."

Almakashi ya ce, "Fatar kanka ce ta mutu."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa, gwanar sani, na karɓi kwalbar na shinshina, na ce, "Ya sha iska. Kun bar murfi a buɗe, 'yan banza." Ban kawo cewa kurɓa yake yi, yana ƙara ruwa don sifirit ɗin ya koma inda yake ba. Na je na sauyo sabuwa, cikakkiya, na ɗora a kantar ɗakin wanki.

Da yammar ranar yayarsa ta zo ziyara. Ta ce Tsoho ya rage cin abinci, gashin ya cuɗe ya dunƙule, yana susa har jini, kuma kullum tambayarsa ɗaya: saura kwana nawa? Almakashi ya je wajen Manaja ya roƙi awa biyu kawai. Manaja mutumin kirki ne, amma ya ga yadda masu awa biyu ke dawowa. Ya ce, "Saura kwana goma sha biyu. Ka daure, ni da kaina zan kai ka." Almakashi ya ce to. Ya wuce ɗakin wanki ya ce zai ninke min kaya, na bar shi na tafi kwaso shanya.

Daga baya ne ya faɗa min abin da ke cinsa a ranar. Ba hanin ba ne. Ya ce, "Iya, allon nan ƙarya yake yi, ni na sani. Da an bar ni na je, Tsoho zai shinshina. In ban je ba kuma, zai tafi da gashinsa. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ga kwalbar."

Washegari da safe ya tsaya a bakin ƙofata yana laluben bango.

"Iya, wa ya shanya fararen zannuwa ya cika tsakar gida haka?"

Babu ko ƙyalle a kan igiya.

A asibiti likita ya ce irin wannan sifirit ɗin akwai guba a cikinsa, ido take fara ci. Ya sha fiye da rabin kwalba. Ran ya tsira, idon bai tsira ba. Haske da duhu kawai yake bambancewa.

Ranar da aka sallame shi, Manaja bai kawo shi gida ba. Ya buɗe ofis ya ɗauko jakar fatar, ya ce in shiga mota in riƙe, muka ɗauko shi daga asibiti muka wuce gidan yayar. Ɗaki ne ƙarami, gado ɗaya, taga ɗaya, kwalaben magani a kan kujera. Tsoho na jingine da matashi, ya ƙanjame, in ban da gashin nan da ya yi masa yawa kamar an ara masa.

Ya ce, "Matso."

Yayar ta kama hannun ƙanenta ta kai shi bakin gado. Tsoho ya jawo wuyan rigarsa ya shinshina, ya daɗe.

"Ba ka wari. Ku ba shi aska."

Yayar ta ce, "Baba, ai ba ya..."

"Na ji. Kunnena bai shanye ba."

Na buɗe jaka na sa masa askar a tafi. Ya ware ta, ya goga a tafin hannu sau biyu yadda suke yi. Ban taɓa ganin hannun nan ya tsaya cak kamar ranar ba. Ya ɗora na hagu a kan uban yana lalube, goshi, tsakiyar kai, ƙeya, har yatsunsa suka isa bayan kunne, inda ɗinkin ya bar tabo. A nan suka tsaya. Babu mai motsi a ɗakin, har ni da bakina ba ya rufuwa.

Sai ya naɗe askar.

"Baba, ba zan iya ba."

"Shekara guda na sa ka a balan-balan."

"Balan-balan ina ganinsa, Baba."

Tsoho ya sauke numfashi. Bakinsa ya motsa sau biyu kafin magana ta fito. Ya ce, "To taje min."

Na miƙa masa mataji. Ya zauna a gefen gado ya fara daga ƙarshen gashin, kaɗan-kaɗan, yana warware kowane ƙulli da yatsa don kada ya ja. Ya fi awa guda. Tsoho ya lumshe ido, can ya yi barci, shi kuma bai daina ba sai da mataji ya riƙa wucewa sumul daga goshi har wuya. Bayan kwana goma sha ɗaya Tsoho ya rasu, da gashinsa. Allah ya jiƙansa.

Da muka dawo gida a ranar tajewar, Almakashi ya ce in kai shi gaban allo. Ya ce, "Goge, Iya. Rubuta ɗaya." Na goge da gefen zanena na rubuta.

Yanzu ya haura shekara biyu, kuma lambar da ke allon gaskiya ce. Bai tafi ba. Babu shagon da zai koma, Manaja kuma ya ce ɗakin wanki na bukatar hannu. Shi ke ninke zannuwan gado, kusurwa da kusurwa, ko mai ido bai kai shi ba. Ranar Laraba wani mai aski ke zuwa daga waje da inji. Almakashi kan zauna gefe yana saurare, can sai ya ce, "Ka bar masa gefen hagu." A duba, haka ne. Kwalbar sifirit kuwa yanzu ita ake fara ƙirgawa, kafin aska, kafin reza, kuma a ofis take kwana.

Matajin na aljihunsa kullum. Ba ya taje kowa da shi.

In aka jibge mana kayan wanki, tare muke bi. In ɗauki riga in shinshina, in miƙa masa. Wani lokaci in ta wani ce da na fara so, wanda ya kusa cika kwanakinsa, sai in ce, "Sabulu ne wannan, ajiye."

Ba ya ajiyewa. Sai ya miƙo min ita, fuskarsa na kallon inda yake zaton nake.

"Iya, sake shinshinawa."