Jan Kafaɗa Ya Je Gidan Rumji

Asabar: Gazawa, biyar saura kwata na asuba

Ban jira kiran salla ba na fito da Jan Kafaɗa daga shago, na naɗe shi da tsohon bargo, na zura shi cikin buhu, ƙafafunsa biyu a waje. Rakiya matata tana haska mini da tocila tana girgiza kai. Ta ce, "Mutane na zuwa sada zumunci da goro, kai za ka da tulin ƙarhe. Allah shi kai ku lahiya, kai da ɗan naka." Na ce amin, don a ranar ko zagina aka yi dariya zan yi.

Ga wanda bai san shi ba, Jan Kafaɗa mutum-mutumi ne na ƙarfe, tsawonsa ya kai ƙuguna. Wata bakwai na yi ina ƙera shi a shagona na walda, tsakanin ƙofar wannan da tagar wancan. Na kwaikwayo shi ne daga wani fim ɗin zane na Japan da muka haddace tun muna samari a gidan bidiyo, irin wanda manyan robo masu tsawon bene suke faɗa, mutum na zaune cikin ƙirji yana tuƙa su. Mu 'yan fadarmu ta shayi faɗan bai dame mu ba. Ƙira ce take cin ranmu: ta ina iska ke shiga ta sanyaya inji, me ya sa tafin ƙafa ya yi faɗi haka, ina ake zuba mai.

A kan gwiwa muka ɓata da Isufu, aminina tun muna lakol, wato makarantar boko, bakaniken babura. Akwai wurin da robon ke durƙusawa matuƙi ya hau, sannan ya miƙe. Yana miƙewa sai ka ji ƙas, farin hayaƙi ya fita ta bayan gwiwa. Ni na ce wannan ƙarar sakata ce ta faɗa ta kulle gwiwar. Isufu ya ce babu wata sakata, ƙarfin mai ne ke riƙe da ita kamar shok ɗin babur, hayaƙin ne shaida. Shekara da shekaru muna wannan gardama, har ran da na ce masa a gaban jama'a wanda bai taɓa ƙera ko cokali ba ya daina yi mini maganar ƙarfe. Ya ajiye kofinsa ya tashi. Ba da jimawa ba ya koma Gidan Rumji wajen dangin uwarsa, shekara huɗu ko sallama babu. Da na ji ya faɗi da babur bara, saƙon gaisuwa kawai na aika, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba.

Sai ga kiransa ranar Laraba. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "An ce ka ƙera. Taho da shi a yi mai doka." Dokar fadarmu tsohuwa ce: wanda ya yi iƙirari a kan ƙira, ya ƙera abin, ya tsayar da shi gaban shaidu da tubali a ka, a ɗora shayi. In ya tsaya har aka shanye kofi na uku, magana ta zama tasa. Ina so in ci, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na fi so shi ne in ji Isufu ya sake kiran sunana, ko da zagi ne zai biyo baya.

Gazawa zuwa Agye

Na yi asuba a masallacin tasha. Shida da minti goma ƙaramar bas ta Maradi ta cika. Direba ya ga ƙafafu sun leƙo daga buhu, ya ja da baya ya ce, "Wanga kuma fasinja ne ko kaya?" Ya so ya ɗaure shi a saman mota tare da kaji, na ƙi. Na ƙara masa dala ɗari na rungume abuna a cinya.

Kaka ce, hanya cike da amalanke ɗauke da dammunan hatsi. Shekarar ce kuma sojoji ke shirin miƙa mulki, don haka tun kafin mu fita gari mota ta kaure da gardamar jam'iyyu. Bargon ne ya zame, jan kafaɗun suka bayyana, siyasa ta mutu nan take. Wani malamin lakol da ke gefena ya gyara tabarau ya ce da irin wannan na gaske ne, da a rairayin ƙasarmu zai nutse har ƙugu. Na kira shi yadda muke kiran malaman lakol da Faransanci, na ce, "Mushe, dubi tahin ƙahwar. Raƙumi na nutsewa?" Ya ce to inji fa, rairayi ba zai shiga ba? Na nuna masa ramukan iska da na yanka a baya, bakinsu na kallon ƙasa. Daɗi kamar ya kashe ni, don na daɗe ban samu mai ja da ni da hujja ba.

Wata 'yar kasuwa daga Gangara mai buhunan gyaɗa ta saurare mu har ta gaji, sannan ta ce, "Ɗana, shina daka?" Na ce a'a. "Shina ɗebo ruwa?" Na ce a'a. Ta ce, "To mazajenmu ka ƙera." Har direba sai da ya yi dariya.

Dab da Agye, bayan kamar kilomita ashirin, jandarma suka tsayar da mu. Aka duba katin shaida, aka zo kan buhu. Na sauka na tsayar da Jan Kafaɗa a kan kwalta, gwiwoyi suka ce ƙas. Jandarman ya zagaya shi sau biyu fuska a murtuke, sannan ya sunkuyo ya ce, "Matuƙin cikin kai yake ko cikin ƙirji?" Ashe namu ne! Ya ce shi a wajensa kai ya fi, don a hango nesa. Na ce kai ai shi abokin gaba ke fara nema. Muka yi minti ashirin, direba na duba agogo ba halin magana. Ni kuma kaina ya kumbura, ina durƙusar da shi ina miƙar da shi don a ji ƙarar. A na goma sha wani abu sai na ji tsit. Wayar da ke tura sakatar gwiwar hagu ta karye. Ba wanda ya karya ta sai nuna isa irin tawa.

Agye, bakwai da minti biyar

Na sauka, mota ta wuce da kujerata. Na san da gwiwa ɗaya ko kofi na farko ba za a kai ba, kuma Isufu zai ce tsoro ya hana ni zuwa. Na sha koko da ƙosai na dala ashirin ban ji ɗanɗanonsu ba. Na bi masu gyaran keke da na babura, wayar wannan ta yi tauri, ta wancan ta yi laushi.

Wajen ƙarfe goma aka kwatanta mini wani tsohon maƙeri a bayan kasuwa, mai ƙera tarkon gafiya. Ya juya gwiwar a hannunsa bai tambaye ni ko mene ne ba. Ya ɗauko wayar tarko, ya naɗe ta a jikin ƙusa, ya gasa, ya tsoma a mai. Aka saka, ƙas! Na kusa rungume shi. Sai ya ja sakatar da yatsa, Jan Kafaɗa ya zube gaba ɗaya kamar buhu. Ya ce, "Riƙo kam tana riƙo, ɗana. Sauka ce ba ta iya ba." Na ce masa tsayuwa aka ce a gwada, ba zama ba. Ya karɓi dala arba'in ya koma kan tarkonsa.

Agye zuwa Tibiri

Sai sha biyu da rabi na samu wata mota. Taya ta fashe kafin Cadawa, muka yi azahar a can, muka shiga Maradi huɗu saura. Ganin yamma ta yi, na hau kabu-kabu zuwa Tibiri, tafiyar minti ashirin da biyar, na sauka gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina.

Ta yi murna, ta tuƙa tuwon hatsi da miyar kuka, amma ta ce gunki ba zai kwana mata a ɗaki ba. Jan Kafaɗa ya kwana gindin rumbu tare da awaki. Da na ba ta labarin inda za ni, ta dube ni ta ce, "Ɗiyana, mutum ya hwaɗi da babur ba ka zaka ba. Yanzu ƙarhe za ka kai mai, ko ban haƙuri?" Na ce duka biyun. Ta ce na biyun bai buƙatar buhu.

Lahadi: Gidan Rumji, tara saura minti goma

Na bar Tibiri bakwai da rabi, kilomita arba'in da 'yan kai, hanya lafiya lau. Shagon Isufu na bakin hanya, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Yana zaune a kan benci, ya rame. Na yi sallama, ya amsa, ya miƙo hannu bai tashi ba. Na ce a raina ashe har yanzu fushin na nan.

Shaidu sun kai goma. Malam Habu tela, wanda ke dafa musu shayi, shi ne alƙali. Na tsayar da Jan Kafaɗa, aka ɗora masa tubali, aka hura gawayi. Kafin kofi na farko ya sauka wuri ya hargitse. Wani ya ce kafaɗun sun fi na fim faɗi. Na ce dole, don masu zane ha'inci suke yi, in robon ya ɗaga hannu farantin kafaɗa ratsa wuyansa yake, ƙarfe kuwa ba ya ratsa ƙarfe. Aka yi shewa. Isufu kuwa idonsa na kan gwiwar tun da aka fara.

Aka sha na farko, Jan Kafaɗa ko gezau. Aka sha na biyu. Malam Habu ya zuba ruwan na uku, ni kuwa har na fara shirya abin da zan faɗa. Sai Isufu ya ce, "Sakatar nan, nauyin mi take ɗauka?" Na ce ko buhun hatsi aka ɗora. Ya ce, "Mutum fa?"

Ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu. Daga cinya zuwa ƙwauri ƙarafa biyu ne ɗaure da ɗamarar fata, a tsakaninsu shok ɗin babur. Da hannunsa ya haɗa. Ya dafa benci ya miƙe, muna kallo gwiwar ta riƙa lanƙwashewa sannu sannu har ya koma zaune. Ya ce, "Zama kam tana zamnar da ni cikin mutunci. Tsayuwa ce ba ta riƙewa. Wata goma sha ɗaya ina salla a zamne, bayan sahu." Ya kawar da kai ya ce, "Ni na ga hayaƙi, kai ka ji ƙara. Ashe duk suna cikin fim ɗin, Saluhu."

Ya faɗi sunana. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Isufu, ka yahe mini, da maganar cokali da rashin zuwa." Ya ce, "Bar wannan, ga shayinka na tahwasa."

Na dubi butar, na dubi rana. Wannan sakatar kwana tara na yi ina goge ta kafin ta zauna, sabuwa ba za ta samu a yini ɗaya ba. Na ɗauki sifana daga bencin Isufu na durƙusa. Malam Habu ya ce, "Saluhu, ba a sha na uku ba. In ya hwaɗi ka hwaɗi, doka ta." Na ce na sani. Na kwance sakatar hagu, mai wayar tarkon gafiya. Jan Kafaɗa ya karkace ya zube, tubali ya fashe biyu. Malam Habu ya ɗaga murya ya ce magana ba ta zama tawa ba. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba.

Muka tura babura gefe, muka hau haɗa sakatar a ƙarafan ƙafar Isufu. Shi yana aunawa yana yi mini tsawa, ni ina walda a shagon maƙwabcinsa ina ramawa, kamar ba a taɓa yin shekara huɗun nan ba. Sau uku muna kwancewa. Muka ja waya daga sakatar zuwa ƙugunsa, yadda in ya ja za ta saki, shok ya sauke shi a hankali. La'asar ta same mu ba mu gama ba.

Da magariba ya shiga sahu, kafaɗarsa a jikin tawa. Allah ya yafe mini, rabin hankalina na kan gwiwarsa. Aka tafi sujada ya sauka sannu, ba faɗuwa. Liman ya yi kabbara aka miƙe raka'a ta biyu, Isufu ya dafa ƙasa ya taso, sai na ji ƙas a cikin shirun masallaci. Ya tsaya har aka kai ruku'u.

Litinin: komawa gida

A gidansa na kwana. Na tashi shida da rabi, na canza mota a Maradi, na shiga Gazawa ƙarfe ɗaya da kwata. Rakiya ta ga ƙafa ɗaya na reto daga buhu ta ce, "An kada ku ke nan?" Na ce an kada mu. Ta ce to wannan fara'ar ta mece ce?

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina godiya ga Gwaggo Hajo, da jandarman da har yanzu bai san inda matuƙi ke zama ba, da tsohon maƙerin Agye wanda ya gaya mini gaskiya ban saurara ba. Jan Kafaɗa na jingine a bangon shago, kuma ba zan yi masa wata sakata ba.

Ban gama wanke ƙafa ba waya ta yi ƙara. Isufu ne. Ya ce ya yi azahar a sahun gaba. Sannan ya ce, "Saluhu, ramukan iskan nan naka, ba nan suke ba a fim." Na jawo kujera na zauna.