Zomon Mama da Rigar Sanyin Baba

Shekarun baya, wata huɗu da rasuwar mahaifina, wata daga cikin matan zumuntar cocinmu ta kawo wa mahaifiyata ɗan zomo a kwali, wai ya ɗebe mata kewa. Dariya na yi a raina, don Mama ko kaza ba ta yarda ta taka mata tsakar gida. Ashe ni ce ban san ta ba. Lokacin ta daina fita, abinci ma sai an yi da gaske, amma saboda zomon nan ta fara leƙa kasuwar Sabon Gari neman ganyen karas. In ya ci, ita ma sai ta ci.

Ba a jima ba ya fara susa. Kunnuwansa suka yi ɓawo, gashin wuya yana zubewa. Wani bakanike maƙwabcinta ya ce a shafa masa baƙin mai, haka ake yi wa awaki. Allah ya taimaka ta kira ni tukuna. Na kai shi wajen wani likitan dabbobi a Samaru, inda nake koyarwa. Ya ce ƙazuwa ce, wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani suke cin fatarsa. Allura uku, sati biyu-biyu, a kuma wanke duk inda yake kwana da ruwan zafi.

Shi ke nan na zama 'yar rakiyar zomo. In tashi daga aiki in ɗauko shi, kwali a cinya, ga cunkoson motoci a Kwangila, ga fasinjoji suna tambayata ko na miya ne. Na wanke keji har hannuna ya saluɓe. Ya warke. Bayan sati uku ya koma susa. Muka sake sabon lale, ya warke, ya sake komawa. Wallahi na gaji, har na fara yi wa zomon nan fatan da ba zan iya faɗa ba. Ga shi duk ranar da ya ƙi cin ganye, Mama ma ture kwanonta take yi.

A karo na uku likitan ya ce zomon ya rame, da wuya ya jure wani zagayen. Ya ce lallai akwai abin da yake kwanciya a kai da ba mu wanke ba. Na rantse masa babu.

Wata Asabar na yi sammako ban sanar da Mama ba, na tarar da keji wayam. Zomon yana ɗakinta cikin kwando, kwance a kan rigar sanyin Baba, wadda yakan sa in zai tafi addu'ar safe. Tun ranar da ya tuɓe ta ba a wanke ta ba. In ta san zan zo, sai ta ninke ta ta ɓoye.

 Na gaya mata ƙwarin a cikin rigar suke, sai an dafa ta.

“Mama, in ba ki so, mu bar rigar. Sai in tafi da zomon.”

Ta ɗauki rigar ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, “Ɗora ruwa. Mai rigar ya huta, ba abin da ke cizonsa. Wannan kuwa yana ji.”

Da hannunta ta sa ta a tukunya. Rigar ta fito ta ƙanƙance, ba ta ƙamshin komai sai sabulu. Zomon bai sake susa ba, ya yi shekara biyar yana cinye mata ganye.

Har yau in na tuna yadda na riƙa yi mata mitar wahalar mota, kunya nake ji, don ban taɓa tambayarta yadda take kwana a ɗakin nan ita kaɗai ba. Rigar tana wajena yanzu. Wani lokaci nakan kai ta hanci, ko da yake na san sabulu kawai zan ji.