Amshin Baba Haruna

Jama'a, shekaru sun ja, ba ni da ƙarfin dogon zance, amma wallahi wannan a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba. A zamanin kaset ne, ina da ɗan shago a kasuwar Omdurman, ƙetaren kogi daga Khartoum, inda nake ɗaukar wa mutane waƙoƙi, kullum in taso daga unguwarmu Kalakla in wuni cikin zafi da ƙarar rikoda har kaina ya riƙa sarawa.

Ba waƙar da ta gajiyar da ni kamar "Bakin Tur'a". Tur'a dai ita ce magudanar ruwan gonakin auduga na yankin Jazira. Waƙa biyu ke da sunan nan: ɗaya ta biki ce da Larabci, mai kiɗan rawa, ɗaya kuma ta iyayenmu masu tsinkar auduga ce, da Hausa, a hankali ake jan ta, mace ta bayar maza su amsa. To mawaƙa suka yi ta maimaita su, wannan da garaya, wancan da kayan kiɗan zamani, wani ma ya ɗauko amshin waccan ya liƙa wa wannan, kuma duk suna ɗaya a bayan kaset. Kai! Mutum ya saya, gobe ya dawo yana zagina.

Ana haka wata mata daga unguwar Mayo, Zainabu, ta fara yi mini sintiri. Mahaifinta Baba Haruna, tsohon leburan Jazira, yana kwance ba ya ko tashi, ya daina cin abinci, ba abin da yake nema sai "Bakin Tur'a" yadda marigayiya matarsa ke rerawa a gona. Na ba ta ta biki, ta dawo da ita. Na ba ta mai garaya, ta dawo. Duk wadda na ba ta sai ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ɗan'uwa, ya ce ba ita ba ce, ya juya fuska bango." Ita kuma ba ta iya rerawa ba, tana goye uwar ta rasu. Na gaji, ta gaji, tsoho kuwa kullum ƙara ƙanƙancewa yake.

A sana'armu, in mai saye bai san mawaƙi ba, sai mu sa shi ya rera, mu ɗauka a kaset, mu zagaya da shi wurin 'yan'uwan sana'a ko wani zai gane. Ran nan da azahar, an ɗauke wuta, kasuwa ta yi tsit, ina gyangyaɗi, sai ga wata mata a bakin shago, ta lulluɓa da farin tob, wato mayafin matanmu, ƙafafunta duk busasshiyar laka, alhali an yi watanni ba ruwa. Ta ce, "Yaro, ba ka da wadda ake nema. Buɗe abin naka." Ban tambaye ta wa ya gaya mata ba, gajiya ta hana ni tunani. Na sa batir, na danna, ta rera. Duk inda amshi ya kamata sai ta yi shiru, ta jira, sannan ta ci gaba. Na sunkuya in cire kaset, na ɓalle masa kunne yadda muke yi don kada a sake ɗaukar wani abu a kai, ina ɗagowa babu ta.

Na kai kaset ɗin wurin 'yan'uwan sana'a a Bahri, na kai shi Khartoum, ba wanda ya san salon. Da Zainabu ta zo, na ce mu je tare kawai a gwada. A ɗakinsu na Mayo na kunna a gefen gadon. Wallahi tallahi, baitin farko bai ƙare ba tsohon nan ya buɗe ido ya ce, "Hauwa ce." Zainabu ta dafa bango, don sunan uwarta ke nan. Da aka zo wurin shirun nan, sai ya amsa da 'yar muryarsa, daidai, ba gaba ba baya, har ƙarshe. Ya nemi kunu ya sha. Ni dai na ɗauko kaset ɗina na fito.

Bai cika mako ba ya rasu. Bayan zaman makoki Zainabu ta zo ta ce in kunna mata, tana son sake jin muryar uwar da ba ta sani ba. Na kunna. Matar ta bayar, aka zo wurin shiru, sai muka ji an amsa. Muryar Baba Haruna ce, amma ba ta mai jinya ba, garau take kamar ta saurayi a gona. Na fizgo kaset ɗin na duba, kunnen nan a ɓalle yake yadda na bar shi. Inna lillahi! Zainabu ta rungume shi tana kuka ta tafi da shi, ban hana ta ba, ban kuma riƙe kwafi ba.

Har yau ban san wace ce ta tsaya a bakin shagona ba, na kuma gaji da tambayar kaina. Abin da zan ce muku kawai: in tsohonku ya ce waƙa ba ita ba ce, kada ku yi masa gardama don suna ɗaya ne. In kuma kuka ji mai rerawa ta yi shiru tana jiran amshi, ku kama bakinku, wataƙila ba ku take jira ba.